Zo ka ga yadda ɗakin ya koma

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ɗan ƙaramin sarkin gidan da na ji an ce ya fara tatata. Na san ka yi fushi, kuma kana da gaskiya. Wata huɗu ke nan saƙonka yana hannuna ban amsa ba. Ba mantuwa ba ce, kullum cewa nake sai na sami zama na rubuta maka a tsanake, yau da gobe har kunya ta fara kama ni. Ka yi haƙuri. Ka tambaye ni labarin akwatin ƙarfenka, kuma zan zo kansa. Amma bari na fara sauke abin da ya cika mini ciki, don idan ban gaya maka ba wa zan gaya wa?

Na gyara ɗakina.

Ka tuna yadda ka same shi zuwanka na ƙarshe: ciki da falo, katifa a ƙasa, kwalaye shida jere a jikin bango, ƙwan fitila ɗaya tsirara yana reto daga silin. Shekara ɗaya da rabi na yi a haka. Duk sanda na yi niyyar taɓa wani abu sai zuciya ta ce mini ai gidan wani ne, kayan aro ba ya rufe katara, ka bari sai ka yi naka. Inna ce ta karya mini wannan tunanin. Da ta zo duba ni, ta zauna a kan kwali ta daɗe tana kallon ɗakin, sannan ta tambaye ni ko tashi zan yi ne ban gaya mata ba. Wallahi maganar ta zauna mini a rai. Bayan na raka ta na dawo, sai na lura cewa na daɗe ba na son komowa gida da yamma, ina ta jan ƙafa a wajen aiki ba don aikin ba. Wurin da mutum yake kwana yake tashi, ko na haya ne, kwanakin ransa ne suke ƙarewa a ciki. A daren na yanke cewa ba zan ƙara jira ba.

Abin da na fara saya shi ne tef ɗin awo. Kada ka yi dariya, ya fi komai yi mini amfani. Falon mita 3 ne da 4, ɗakin kwanan mita 3 da 3 da rabi. Na zana su a takarda, na yanka ƙananan takardu daidai girman kujera da gado da kanta, na yi ta juya su a kan zanen kafin na ɗaga ko tsinke. A nan na gane cewa babbar kujerar da na daɗe ina sha'awa, da na saya da ta toshe rabin taga. Ƙa'idar da na riƙe ita ce kowace hanyar wucewa kada ta gaza santimita 60, inda ake yawan bi kuma ta kai 80 ko 90. Daga nan na buɗe kwalayen. Huɗu daga cikin shidan ban taɓa su ba tun ranar da na tare, to me nake ajiyewa? Na ba da na bayarwa, na sayar da na sayarwa, kuɗin kuma na zuba su a fenti. Ban sayi komai na ado ba tukuna amma ɗakin ya riga ya fara numfashi.

Sai maganar mai gidan. Na san halinsa, ba ya son a buga ko ƙusa ɗaya, don haka ban yi gaban kaina ba. Na ɗauki hoton kowane bango da kowace tsaga da kowane tabo, na je na same shi da ladabi, na ce zan yi fenti da kuɗina, launi mai haske wanda duk wanda ya shigo bayana ba zai ƙi ba. Ya yi shiru, ya yi tambayoyi, ya yarda. Na roƙe shi ya rubuta mini yardar ko da layi biyu ne a waya, ya rubuta. Har ƙusa huɗu ya ba ni izini, da sharaɗin in cike ramukan ranar tashi.

Fentin da hannuna na yi shi, ni da ƙanena, a kwana biyu. Lita ɗaya tana shafe kamar murabba'in mita 10 zuwa 12, bangon falon kuma, in an cire ƙofa da taga, bai wuce murabba'in mita 34 ba, shafi biyu ya ci kusan lita 7. Fari na zaɓa mai ɗan ratsin ruwan ƙasa, ba farin nan mai kashe ido ba. Ka gwada a ɗan gefe tukuna in za ka yi, ka dube shi da safe ka dube shi da dare, don launin da ke jikin gwangwani daban, wanda ke jikin bango daban.

Af, kafin na manta. Mutuminmu na bencin baya ya sayar da babur ɗin nan a ƙarshe! Shekara nawa muna roƙonsa? Ya kira ni yana ba ni labari kamar wanda ya rabu da ɗan cikinsa, har da cewa wanda ya saya bai san darajarsa ba. Na ce masa zan gaya maka, ya ce kada in kuskura. To ga shi na gaya maka, ka kira shi ka yi masa jaje. Kawu kuma yana nan yadda ka san shi, da rediyonsa da gardamarsa.

To, mu koma ɗaki, don yanzu na zo kan abin da ya fi ba ni mamaki, wato haske. Ban taɓa sanin cewa ƙwan fitila yana da launi iri-iri da ake aunawa ba sai da na tsaya na karanta jikin kwalinsa. Akwai lamba da ake rubutawa da harafin K a gefe. Wanda yake rataye a falona 6500 ne, fari fat mai ɗan shuɗi-shuɗi, irin wanda ke sa ɗaki ya yi kama da wurin jiran likita, fuskar baƙo ta yi fayau. Na canza zuwa 2700, mai ɗumi, mai ɗan ruwan zinariya. Kuma maimakon ƙwai ɗaya a sama, na raba hasken gida uku: fitilar tsaye a kusurwa, ƙarama a kan kanta, wata a gefen gado. Dukansu LED ne masu wat 9, kowanne yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 yake bayarwa, ka ga ukun a haɗe ba su kai rabin cin wutar tsoho guda ɗaya ba. Daren da na fara kunna su na kashe ta sama, na zauna a ƙasa na daɗe ban motsa ba. Bangon nan dai shi ne, daɓen nan shi ne, amma sai na ji kamar an ce mini sannu da zuwa. Haske in ya fito daga ƙasa da gefe yana bin bango a hankali, kusurwoyi su yi laushi, ido ya daina ganin iyakar ɗakin. Kai da kake zaune ƙarƙashin doguwar fitilar nan mai ƙugi tun muna makaranta, don Allah ka tausaya wa matarka ka canza ta. Na san za ka ce tana aiki. Fankar nan ma ai tana aiki ka ce, har ranar da ta yi abin da ta yi.

Labule shi ne na biyu. Da can a bakin taga na ɗaura shi, daidai faɗinta, gajere. Yanzu na ɗaga sandar har saura kamar santimita 10 ta taɓa silin, na bar ta ta zarce tagar da santimita 20 hagu da dama, yadin kuma ya sauko har ya kusa shafar ƙasa. Da rana in na zuge shi, yana tsayawa a kan bango ne, bai rufe ko yatsa ɗaya na gilashin ba. Tagar ta zama kamar an faɗaɗa ta, silin kamar an ɗaga shi. Yadi mara tsada na saya, mara zane, amma na ninka faɗin sandar sau biyu don ya yi tattara. Tela ya so ya rage mini, na ce a'a. Yadi mai araha in ya wadata ya fi mai tsada da aka yi wa ƙwauro kyau nesa ba kusa ba. Ƙusa biyu sun tafi nan. Ta uku na ba madubi, dogo, a bangon da ke fuskantar taga, yana maido da hasken rana har cikin lungun da da can sai an kunna fitila. Ta huɗu tana ɗauke da hotonmu na ranar gama makaranta, wanda ka rufe ido a ciki. Tsakiyarsa santimita 145 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye, don na lura yawancinmu muna rataye hoto can sama sai an ɗaga wuya. Sauran ƙananan abubuwa da maƙalai masu gam na rataye su, waɗanda ake cirewa ba su ɓata bango. Sai dai a goge wurin ya bushe, a bar sabon fenti ya yi ƙwari, kuma kada a ɗora musu fiye da nauyin da aka rubuta.

Launi uku kawai na yarda su shigo. Masu wannan sana'a suna da lissafin da suke bi, kashi 60 babban launi, 30 na biyu, 10 na ƙyalli. Nawa farin bango da labule, sai ruwan ƙasa na katako da darduma, sai kore a matasan kujera biyu da tukunyar shuka. Duk abin da na gani ya burge ni, in bai shiga cikin ukun nan ba, na bar shi inda yake. Wannan kaɗai ya tsare mini aljihu fiye da duk wani ciniki.

Kantar da kujerar duk na hannu na saya. A nan ka buɗe kunne: kada ka shigo da kayan gwanjo ɗaki sai ka haska tocila a kowane ɗinki da kowace mahaɗar katako. In ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe, kuɗin cizo ne, ka gudu ko kyauta aka ba ka. Rigunan kujerar na wanke su da ruwa mai zafin digiri 60, katakon na goge da samfefa na shafa masa mai. Katifa kuwa ba na sayen ta hannu, komai arha. Na sa kafinta ya yi mini gado mai tsayi da aljihuna a ƙasa, kayan sanyi da zannuwan gado duk suna ciki. Kantar doguwa ce siririya, ta hau sama maimakon ta ci ƙasa, kuma kafin ka kawo mini ɗanka sai na roƙi ƙusa ta biyar na ɗaure ta da bango, don yaro mai koyon tafiya ba abin da ba ya kamawa ya ja.

Yanzu akwatinka. Yana nan lafiya, har ya fi yadda ka bar shi. Na kankare tsatsar, na yi masa fenti kore, yana tsakiyar falo a kan darduma, shi ne teburina, littattafanka kuma suna ciki ba abin da ya taɓa su. Duk wanda ya shigo shi yake fara tambaya. In kana son abinka sai ka zo da ƙafarka, kuma ka zo da hujja mai ƙarfi.

Amma akwai abin da yake hana ni barci, kuma a nan nake son shawararka da gaske. Satin da ya wuce mai gidan ya zo karɓar saƙo, ya tsaya a bakin ƙofa yana ta kallo, ya yaba ƙwarai, har ya ce bai san ɗakin yana da girma haka ba. Da farko na ji daɗi. Da ya tafi sai gabana ya faɗi, don saura wata uku yarjejeniyarmu ta ƙare. Idan ya ce zai ƙara kuɗin haya saboda wurin ya yi kyau fa? Da gumina za a auna ni ke nan. Ga kuma rima a kusurwar ɗakin kwana, ta bangon da ke manne da banɗaki. Na goge fumfunar, na janye gado kamar tafin hannu daga bangon, ina buɗe taga kullum, amma tabon yana dawowa. Fenti ba ya maganin wannan, ina zargin bututu ne yake yoyo a ciki, gyaransa kuma ba na ɗan haya ba ne. Ina so in tayar masa da maganar biyu a zama ɗaya: ya gyara bangon, mu sabunta na shekara biyu a kan kuɗin da muke kai, ni kuma in bar masa fenti da sandar labule ranar da zan tashi. Kai ka fi ni iya tsara magana a takarda. Ka rubuto mini yadda zan faɗa ba tare da ya ji kamar ina yi masa gori ba, don mutumin kirki ne, ba na son mu ɓata. Ko kana ganin in fara da maganar rimar ita kaɗai, in bar ta hayar sai ya tayar da kansa? Ka yi tunani ka gaya mini kafin ƙarshen wata.

Shukar da ƙanwarka ta ba ni, mai dogayen ganye kamar takobi, ta yi sabon tsiro biyu. Ka gaya mata na bi umarninta, ba na ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau. Na ji kuma an ce ta sami gurbin karatun da take nema, amma ba wanda ya tabbatar mini, kai ma ka yi shiru. Haka ake yi?

Dare ya yi, gobe da sassafe zan fita. Ka gaishe mini da uwargida da kyau, ka shafa mini kan yaron. Kujerar falon tana buɗewa ta zama gado, na auna ta, santimita 190 ce, ko kai ƙafarka ba za ta leƙo ba. Ka sa rana.

Naka har kullum,
abokinka.