Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Daraktan UNESCO Kan Na'urorin Gargaɗin Tsunami

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne saboda hukumarku ta harkokin teku, IOC, ita ke haɗa kan ƙasashe wajen gargaɗin tsunami, wato gagarumar igiyar teku da galibi girgizar ƙasa ke tayarwa.

Ranar 26 ga Disamba 2004, ma'aunan girgizar ƙasa sun nuna girgizar da aka yi kusa da tsibirin Sumatra na Indonesiya cikin mintoci, amma babu na'ura a Tekun Indiya da za ta tabbatar ko teku ya taso. Kusan mutum 230,000 suka rasu a ƙasashe 14. Igiyar ta yi tafiyar kusan awa bakwai kafin ta isa Somaliya, kuma ta tarar da masunta babu wanda ya ce musu su gudu. Wannan awa bakwai ɗin har yau tana ci mini rai.

Abin da aka gina daga baya ya cancanci yabo. A tsakiyar teku tsunami na gudun kilomita 800 a awa, amma tudunta ƙanƙane ne, jirgi zai haye ta bai sani ba. Shi ya sa ake ajiye ma'auni a can ƙasan teku yana auna nauyin ruwan da ke kansa. Ko santimita ɗaya ruwan ya ƙaru zai ji, ya tura saƙo da sauti zuwa na'urar da ke shawagi a sama, ita kuma ta miƙa wa tauraron ɗan'adam. Daga nan cibiyoyin Indiya da Indonesiya da Ostareliya su sanar da ƙasashen Tekun Indiya.

To, kafa na'ura daban, kula da ita daban. Lokacin da tsunami ta afka wa birnin Palu na Indonesiya ranar 28 ga Satumba 2018, hukumar bala'o'in Indonesiya ta bayyana cewa na'urorin ƙasar 22 masu shawagi ba sa aiki tun 2012, saboda ɓarna da rashin kuɗin gyara. Na yarda igiyar Palu ta iso cikin mintoci, da wuya na'urorin su ceci kowa a ranar. Amma shekara shida teku babu mai sauraro, jama'a kuwa suna zaton ana gadinsu. Wata uku bayan haka gefen Anak Krakatau, dutse mai aman wuta a Indonesiya, ya zabtare cikin ruwa, fiye da mutum 400 suka mutu babu gargaɗi, domin girgizar ƙasa kawai tsarin gargaɗin yake jira.

Roƙona, ranka ya daɗe, hukumarku ta riƙa shelanta wa duniya duk shekara na'urorin da ke aiki da waɗanda suka mutu, ƙasa bayan ƙasa, cikin harsunan da mutanen gaɓa ke ji. A kuma ware kuɗin gyara tun ranar da ake kafawa.

Kada kuma a manta da tsibirin Simeulue da ke kusa da Sumatra. Mutanen tsibirin sun gaji labarin igiyar 1907, suna kiranta smong, da ƙasa ta girgiza a 2004 suka haye tuddai, mutum bakwai kawai suka rasa. Ina roƙon a kai irin wannan koyarwa makarantu da masallatan gaɓar Somaliya da Kenya da Tanzaniya.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai bibiyar al'amuran teku