Ba ku tambayi malamin nan abin da ya kamata ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari hirar da kuka yi ranar Asabar da tsohon ɗan sandan nan da yake koyar da ilimin laifuka da shari'a a kwalejin shekara biyu a nan Amurka, kuma raina ya ɓaci matuƙa. Kusan duk lokacin shirin ya ƙare a tambayarsa ɓarayi nawa ya kama da ko ya taɓa harbin mutum, alhali koyarwar da saboda ita kuka gayyato shi sai a ƙarshe aka taɓo ta, har mai gabatarwa yana cewa wai bawan Allah ya samu wurin hutawa bayan ritaya.

Babu hutu a wannan aiki. Ni a irin wannan kwaleji na yi karatu da daddare, bayan na ajiye tasi, kuma malaminmu tsohon ɗan sandan ciki ne wanda sai da ya koma jami'a ya yi digiri na biyu, yana bakin aiki, kafin a ba shi aji. Ba ma'aikacin dindindin ba ne, gwargwadon darussan da ya ɗauka ake biyansa, ko ofis ba shi da shi, a cikin motarsa yake duba takardunmu. Yakan zo da rahoton 'yan sanda wanda aka goge sunayen ciki, ya raba mana, ya ce mu nemo inda jami'in ya yi kuskure. A wani rahoton, an rubuta amsa laifin wanda ake tuhuma tsaf, amma ba a nuna an gaya masa haƙƙinsa na yin shiru da neman lauya ba, kamar yadda Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta a shari'ar Miranda ta 1966. Ya sa muka sake rubuta rahoton tun daga farko, yana bin mu kujera-kujera da jan biro, domin a cewarsa sakaci irin wannan ne yake kuɓutar da mai laifi a kotu.

Wannan karatu yana da tarihi. A 1967 kwamitin da Shugaba Lyndon Johnson ya kafa kan laifuka ya ba da shawarar 'yan sanda su riƙa yin karatun gaba da sakandare, kuma bayan wata dokar yaƙi da laifuka da aka zartar a 1968 gwamnatin tarayya ta shiga biya musu kuɗin makaranta, abin da ya yaɗa waɗannan darussa a kwalejoji. Da kun tambayi baƙonku yadda ya cire kaki ya shiga aji, da abin da yake koyarwa yau wanda shi ba a koya masa ba, da ko ɗaliban makarantar 'yan sanda ta Wudil sun ƙaru.

Sannan don Allah a rage kiɗan da ake sakawa a ƙarƙashin murya, domin yana danne maganar baƙon da yake kan waya. Ina roƙo a sake gayyato malamin, a ba shi shirin gaba ɗaya.

Naku,
Mai sauraro daga Bronx, New York