Amsa ga Hajiya: ko za mu tura wani wurin likitanmu?

Assalamu alaikum Hajiya,

A taron mata na Asawase kin tambaye mu, mu ma'aikatan jinya 'yan zango, ko likitan da mu kanmu muke gani za mu iya tura 'yar'uwa wurinsa. Lokaci ya ƙure ranar, ga amsar a rubuce.

Za mu tura, amma sai mun ji abin da ke damunta. Wanda ya iya kula da hawan jini ba lallai ne ya iya kula da mai ciki ba. Kuma abin da ake yawan yabon likita a kai a unguwanninmu, wato fara'a da saurin yin allura da ƙarin ruwa, ba shi muke dubawa ba. Ƙarin ruwa ga mai iya ci da sha, yawanci kuɗi kawai yake ci.

Ki lura da yadda yake yi da zazzaɓi. Likitan kirki ba ya rubuta maganin maleriya sai an soki yatsa an gwada jini, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. In ta tabbata, zai faɗa miki dalla-dalla: babba ƙwaya huɗu na Coartem mai ƙaramin ƙarfi, wasu huɗu bayan awa 8, sannan safe da yamma na kwana biyu masu zuwa, jimilla 24, a haɗa da abinci mai ɗan maiƙo don maganin ya shiga jiki. Wanda ba a yi wa wannan bayanin ba, da ya ji sauƙi rana ta biyu sai ya ajiye sauran, bayan mako biyu ciwo ya dawo, a ce asibitin ne bai iya ba. Haka wanda duk zazzaɓi sai ya ce "maleriya da taifot" don gwajin Widal guda ɗaya, ba ma tura kowa gare shi; gwajin nan yakan nuna cutar da babu ita.

Awon jini ma ma'auni ne. A bar mutum ya zauna minti biyar, a ɗaura masa abin awo daidai kaurin damtsensa. Ƙarami a hannu mai kauri lamba yake ƙarawa. In ta kai 140/90, a sake aunawa wata rana kafin a ɗora shi a kan magani, sai fa in ta yi sama sosai.

Sai maganar kati. Kafin ki tura mutum, ya tambaya ko wurin yana karɓar NHIS, wato inshorar lafiya ta gwamnati, ya danna *929# ya ga ko katinsa bai mutu ba. Ya kuma duba lasisin HeFRA, hukumar da ke sa ido a kan asibitoci, a bango. Mai shagon magani na bakin titi, komai kirkinsa, ba a ba shi izinin yin allura ba.

Kada ki ce wa mai ciwon kai ya wuce asibitin Komfo Anokye, wanda ake kira Gee, kai tsaye, wai don shi ne babba. Can wurin waɗanda aka turo da takarda ne. A fara da asibitin kusa, kamar na Manhyia. Likitan da ya san inda iyawarsa ta tsaya, ya rubuta takardar turawa da sakamakon gwaji da sunan magungunan da ya bayar, shi muka fi amincewa da shi. Amma jini ga mai ciki, jijjigar yaro, ko karkacewar baki, waɗannan ba sa jiran takarda: a kira 112 ko a tari tasi nan take.

Wassalam,
'Ya'yanki ma'aikatan jinya, Kumasi