Malam Edita, wa ya gaji masana'antun Rasha?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari.

Na saurari shirinku na makon jiya inda baƙon naku ya ce wai tunda Tarayyar Sobiyet ta rushe a ƙarshen 1991 to shikenan an binne Karl Marx, uban aƙidar gurguzu, kasuwa ta yi nasara, magana ta ƙare. Wallahi sai da na ajiye kofin shayina. Ni fa ba ɗan gurguzu ba ne, na san layin burodi a Mosko da sansanonin gwale-gwale na Stalin ba ƙarya ba ne, amma don Allah me ya sa kullum ake datse labarin a 1991 kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar kallo?

Ranar 2 ga Janairun 1992 gwamnatin shugaban Rasha Boris Yeltsin ta saki farashin kaya lokaci guda bisa tsarin ministansa na tattalin arziki Yegor Gaidar, kafin shekarar ta fita farashi ya ninka sama da sau 20. Tsohuwar da ta shekara talatin tana tara kuɗi a bankin gwamnati ta wayi gari ajiyarta ba ta wuce cefane ba, shi ya sa aka riƙa ganin tsofaffi a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa cikin ƙanƙara suna riƙe da takalmi ko butar shayin gidansu suna neman mai saye. Sai aka raba wa kowane ɗan ƙasa wata takarda ta rubul 10,000, wai ga kasonka na arzikin ƙasa, je ka sayi hannun jari. To mai jin yunwa ina ruwansa da hannun jari? Da yawa suka sayar da ita a kuɗin kwalbar giya, manajojin kamfanoni da masu ido da kwalli suka bi suna tattarawa. A 1995 kuma aka yi mai gaba ɗaya, gwamnati ta karɓi bashi a hannun wasu ƴan bankuna ta jinginar musu da manyan kamfanoni, ba ta biya ba suka riƙe, haka Khodorkovsky ya samu kamfanin mai na Yukos a kan dala miliyan 300 da ɗoriya, Potanin ya samu kamfanin haƙar ma'adinai na Norilsk Nickel. Ana wannan rabon ma'aikata na yin watanni ba albashi, wasu ma da tukwane ko tayoyin da suka ƙera ake biyansu su je bakin titi su sayar. Matsakaicin shekarun da namiji ke yi a duniya a Rasha ya faɗo daga kusan 64 zuwa ƙasa da 58 a 1994. A Agustan 1998 gwamnatin ma ta ce ba ta iya biyan bashinta.

Abin dariyar, wannan ai shi ne abin da Marx ɗin ya rubuta a littafinsa Das Kapital tun 1867, cewa jari ba da tsimi da tanadi yake farawa ba, da ƙwace yake farawa, kamar yadda aka kori manoman Ingila daga filayensu. Ya kuma ce tsarin zai riƙa shaƙe kansa lokaci-lokaci, kaya jibge a sito amma mutane ba kuɗin saye. Mu tuna Amurka a 2008, gidaje a kulle ba kowa ciki, masu su an kore su, majalisa kuma ta amince da dala biliyan 700 don ceto bankuna. Maganin da almajiransa suka ba mara lafiya bai yi ba, na yarda, amma cutar ya gano ta.

Eh, Poland ta sha wuya ta farfaɗo, Sin kuma tun 1978 a hankali ta riƙa buɗe ƙofa ba ta ɓalle ta ba. Mu nan ma mun ɗanɗana irin wannan allurar lokacin shirin gyaran tattalin arziki na SAP na Babangida a 1986, kawuna a masaƙa yake aiki a Kaduna, daga baya acaɓa ya koma har ƙarfinsa ya ƙare.

Don Allah ku sake gayyato baƙon nan, ku haɗa shi da wani malamin tattalin arziki mai ra'ayi daban, kuma ku buɗe layin waya, ina da tambaya biyu da zan masa.

Naku,
Mai sauraronku daga Zariya