A yi mana shiri a rediyo kan naman kasuwa da ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da ƙoƙari. Ni mai tsire ne a nan Agege, gadon fawa na yi, shi ya sa maganar nan ta tsaya min a rai.

Kwanakin baya ƙaramar 'yata ta kwanta da gudawa da zazzaɓi, muka sayo kafso a kemis kamar yadda aka saba, shiru, aka canza wani, shiru, sai da muka kai ta asibiti aka yi gwaji likita ya ce ƙwayar cutar da ke cikinta ta riga ta saba da waɗannan magungunan ba ta jin su, dole aka koma allura mai tsada. Alhamdulillahi ta tashi. Amma da ya tambaye ni sana'ata ya yi min bayani wallahi jikina ya yi sanyi.

Ashe ƙwayoyi irin su E. coli da Salmonella a hanjin dabba suke zaune. Saniya ko kaza da aka yi ta ɗirka wa antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba ƙa'ida, raunanan ƙwayoyin su mutu masu taurin kai su rage su hayayyafa, ranar yanka in tumbi ko hanji ya fashe ko aka ja naman a ƙasa sai su hau tsoka. Kuma mu mun sani ai, dabba ta fara rashin lafiya a kan hanya daga Arewa sai a danna mata allurar antibayotik ɗin nan oksitetrasaikilin, gobe a yanka don gudun asara, alhali a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin yanka. A shekarar 2019 kaɗai mutum kusan miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka bijire wa magani, yankinmu na Afirka ta Yamma kuma shi ne ya fi shan wuya.

Wuta tana kashe waɗannan ƙwayoyin cutar, wannan gaskiya ne, naman da ya gasu har ciki ƙwayoyin da ke cikinsa sun mutu. Inda muke kuskure shi ne wuƙar da na yanka ɗanyen nama da ita ita ce nake yanka albasa da kabeji da tumatir, katako ɗaya, tsumma ɗaya tun la'asar har sha biyun dare, hannun kuma shi ke ɗiban yaji. Albasar nan ba ta ganin wuta. Haka na yi shekaru ina yi ban sani ba, yanzu na raba wuƙa biyu da katako biyu na ajiye sabulu da ruwa a gefe.

Roƙona ku gayyato likitan dabbobi da jami'an NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, da Sarkin Fawa ku yi shiri da Hausa, domin mahautan Oko-Oba da 'yan kasuwannin Mile 12 da Alaba Rago rediyo suke ji, takardar Turanci da ake mannawa a bango ba ta isa gare su. A faɗa wa dillalai su jira kwanakin magani su cika kafin yanka, gwamnatin Legas kuma ta wadata mayanka da ruwan famfo ta ƙara motocin sanyi na ɗaukar nama. In kuna son wanda zai yi magana daga ɓangaren masu tsire ni a shirye nake na zo.

Naku mai sauraro kullum,
Wani mai tsire daga Agege, Legas