Wasiƙa daga Helsinki

Helsinki, 20 ga Nuwamba

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara. Ka gaida mini Inna, ka ce mata ina nan ina yi mata addu'ar samun sauƙin ƙafar nan. Mu nan sanyi ya shigo, rana kan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu, har sai ka ga Azahar da La'asar sun kusa haɗuwa.

Na karanta kukan da ka yi a kan Khalifa, cewa kuɗin tara ma gidan gem yake kai shi, har ka yi masa duka sau biyu bai daina ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin irin wannan ciwon na sha da ɗana Abba, shi ya sa na ce bari in ba ka labari.

Ka san a tsakiyar garin nan akwai wani babban laburare mai suna Oodi, wanda aka buɗe a watan Disamba na 2018, daidai gaban ginin majalisar dokokin ƙasar Finlan. Ranar da na fara kai Abba, niyyata kawai ya samu littattafan yara na harshen Finlan, don makaranta tana ba shi wahala. Sai ga shi a hawa na biyu mun ci karo da ɗakunan buga gem, da na'urorinsu da manyan allunan talabijin, yara na zaune suna wasa ba wanda ya kore su. Na tambayi wata ma'aikaciya nawa ake biya. Ta ce ko sisi. Katin laburaren da ka yi rajista da shi, da shi za ka kama ɗaki na wani lokaci, kuma da shi za ka ari gem ka tafi da shi gida kamar littafi, na PlayStation ne, na Xbox ne ko na Nintendo Switch.

Wallahi Sani da farko raina bai so ba. Na ce a zuciyata, wurin ilimi kuma aka shigo da wasa? Amma da na dinga raka shi sai na ga yadda aka tsara abin. Kowane gem akwai lambar shekaru a jikin kwalinsa, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, kuma a nan doka ce, ba shawara ba. Shekarun yaro na cikin katinsa, don haka ko ya ɗauko na manya ba za a ba shi ba. Ni ma na sa hannu kafin a buɗe masa katin. Ka tuna gidan gem na bayan layinmu da muke zuwa muna yara? Ba wanda ke tambayar shekarunka, wanda ya biya shi ne sarki, ga hayaƙin sigari ga zagi daga bakin manya.

Sabon gem a kanti Yuro 60 zuwa 70 ne, abin da ba zan iya saya masa duk wata ba. Na dai nemo tsohuwar Switch ta hannu, sauran kuma aro muke yi. Idan gem ɗin ya yi farin jini sai ka shiga layi, wani lokaci makonni ana jira, kuma in ya zo dole ka mayar a kan lokaci don wani na bayanka. Abba ya fara duba ranar mayarwa da kansa, yana goge kwalin kafin ya saka a jaka, wai kada a ce shi ya lalata.

Abin da ya fi taɓa ni ya faru watan jiya. Ya aro wani gem na gine-gine mai suna Minecraft, ya kasa gina abin da yake so, sai ya je ya ɗauko littafin koyon ginin wasan, da harshen Finlan. Yaron da nake fama da shi ya karanta shafi guda, na same shi da daddare yana bin layi da yatsa yana tambayar uwarsa ma'anar kalmomi.

Na san wutar lantarki da kuɗi ba su bar mu mu yi irin wannan a gida yadda suke yi ba. Amma ɗakin karatun makarantarku yana da sola tun bara, ka ce. Idan na zo hutun bazara in sha Allah zan taho da Switch ɗin nan da abin riƙewa na bugawa guda biyu, ka yi magana da hedimasta ko za a ware awa ɗaya ranar Asabar, a rubuta sunan duk wanda ya ara, kai ka zauna da su. Ka fara da Khalifa, ka ba shi riƙon littafin rajistar.

Ka rubuto mini abin da hedimasta ya ce.

Naka har kullum,
Bashir