Amsa ga Baba tsohon soja, kan injin da ake so kurata su goya

Assalamu alaikum Baba,

Ranar taronmu a Samaru ka miƙe a gaban jama'a ka ce ka sha goyon batirin rediyon oba-oba har kafaɗarka ta yi kanta, sannan ka tambaye ni: wannan ɗan injin Stirling mai samar da lantarki da nake yabo, sauke wa yaranmu kaya zai yi ko ƙara musu? Lokaci ya ƙure ban amsa maka da kyau ba, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

Zai sauke, ranka ya daɗe, amma sai in sintirin na kwanaki ne. Ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na man dizal ya ninka na kilo ɗaya na batirin litiyam fiye da sau 40. Ko kashi 10 cikin 100 kaɗai injin ya mayar lantarki, an ci riba. Fitar yini guda kuwa, batir ya wadatar.

Kada ka ɗauka irin janareton da ke hana mutane barci a Sabon Gari ne. Wancan a cikinsa mai ke fashewa, shi ya sa yake ƙara. Wannan, da wani limamin coci ɗan Sikotilan, Robert Stirling, ya ƙirƙiro a 1816, wutarsa a waje take, kamar tukunya bisa murhu. Iskar da aka kulle a ciki in ta ji zafi ta kumbura ta tura fistin, in ta huce ta koma. Ba ya zaɓen abinci: dizal, kananzir, har gawayi. Shirunsa na cikin dalilan da suka sa Suwidin ta sa shi a jiragenta na ƙarƙashin teku samfurin Gotland. Kai ka fi ni sanin darajar shiru a daji da dare.

Abin da ke damuna shi ne ƙasarmu. Injin yana son gefe ɗaya zafi, ɗaya sanyi, a watan Afrilu kuwa ina sanyin yake? Ƙarfinsa raguwa zai yi. Ƙurar hunturu za ta toshe wurin hucewarsa. Sai ya ɗan jima kafin ya ɗauka, kuma zafinsa na iya tona asirin yaro ga mai na'urar hango ɗumin jiki.

Don haka ba zan yarda a ɗora wa ɗan kowa shi ba sai an gwada a nan. Ga Daffo, makarantar horar da kurata ta Zariya, tun 1924, ga injiniyoyin Jami'ar Ahmadu Bello a gefe. A ba kurata su yi bazara da hunturu da shi, a kuma kira irinku ku duba yadda yake zama a kafaɗa.

Allah ya ƙara lafiya, Baba.
Ɗanka, daga Samaru, Zariya.